Hajiya na shan Glucophage, an ba mu ranar sikana: a tsayar da maganin ko a ci gaba?

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto mana daga Garwa, ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. A kan mahaifiyata nake tambaya, shekarunta 58. Shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga, tana shan Glucophage 1000 safe da dare, da Daonil ƙwaya ɗaya da safe. Bara aka gano ciwon daji a babban hanjinta, aka yi mata aiki a Yawunde, yanzu ta gama zagaye shida na shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Likitanta ya rubuta a yi mata sikana na ƙirji da ciki, irin wanda ake ɗura ruwa a jijiya, an ba mu ranar Talata mai zuwa. Wadda ta ba mu ranar ta ce a daina duk maganin suga kwana biyu kafin nan, a zo ba a ci komai ba. Mai farmasin unguwarmu ya ce kada mu kuskura mu tsayar. Baffana kuma ya ce Glucophage da ruwan sikana in suka haɗu ƙoda suke kashewa. Gwajin kireyatinin da aka yi mata wata biyu da suka wuce ya nuna 14 mg/l. Likitan ya ƙara da cewa in sikana ya nuna abin da bai gane ba, zai tura mu ƙasar waje a yi hoton PET. Maganar wa zan bi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kada ki cire wa Hajiya maganin suga tun ranar Lahadi. Abin da ake bukata kafin Talata shi ne sabon gwajin kireyatinin, wato gwajin jini na duba ƙarfin ƙoda, a yi shi cikin makon nan. Ki ɗauki sakamakon, ki haɗa da kwalayen magungunanta kaf, ki kai wa likitan da zai yi hoton shi da kansa, ba mai rubuta sunaye a bakin ƙofa ba. Hukuncin ƙarshe nasa ne da likitan da ke duba mata suga, tunda su ke ganin ta ido da ido. Namu shi ne mu warware miki lissafin, don in sun yi magana ki san inda ta dosa, in kuma an manta wani abu ki iya tunatarwa.

Mu fara da maganar baffa, don ita ce ta fi tayar da hankali. Glucophage sunan kasuwa ne, maganin da ke ciki sunansa metformin. Wani likita Bafaranshe mai suna Jean Sterne ne ya fara gwada shi a kan masu ciwon suga a 1957, sunan Glucophage kuwa ma'anarsa mai cin suga. Maganin ba ya lalata ƙoda, kuma ba ya gauraya da ruwan sikana ya zama guba. Halinsa dai shi ne jiki ba ya sarrafa shi: yadda ya shiga jini haka yake fita ta fitsari, ƙoda ce ƙofarsa. Ruwan sikana mai ɗauke da sinadarin ayodin shi ma ta wannan ƙofar yake fita, kuma a jikin wanda ƙodarsa ta riga ta gaji, ko wanda jikinsa ya bushe, yakan rage mata ƙarfi cikin kwana biyu zuwa uku bayan an ɗura shi. In ƙofa ta tsuke, mutum kuma ya ci gaba da haɗiyar metformin safe da dare, maganin sai ya taru a jini, ya sa wani tsami da ake kira asid laktik ya yi yawa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana iya kisa. Tsoron ma gadonsa likitoci suka yi, domin wani ɗan'uwan metformin mai suna phenformin an janye shi daga kasuwannin ƙasashe da yawa a ƙarshen shekarun 1970 saboda wannan tsamin jini.

Ki lura da inda haɗarin yake zaune: bayan an ɗura ruwan ne. Tsayar da magani kwana biyu kafin hoto tsohuwar doka ce da aka daɗe da sassautawa, amma har yanzu tana yawo a baki da kuma a wasu tsofaffin takardu. Ba ta da wata riba ga Hajiya, sai ma hasara. In ta bar maganin suga duka tun Lahadi, suga zai hau, in ya hau fitsari ya yawaita, jiki ya bushe, sai ta isa ɗakin sikana da ƙoda mai ƙishirwa, wato ainihin abin da ake gudu.

Lambar nan 14 da kika ambata a ƙarshen wasiƙa, ita ce ya kamata ta zo a farko. A takardun ɗakunan gwaji ana rubuta iyakar lafiya wajen 6 zuwa 12, don haka mutum kan kalli 14 ya ce ai ɗan hawa ne kaɗan. Kireyatinin shara ce da tsokar jiki ke fitarwa, ƙoda ta kwashe. Mai tsoka da yawa yana fitar da ita da yawa. Shi ya sa ba a tsayawa a kanta sai an juya ta zuwa wata lamba da takardun Faransanci ke rubutawa DFG, wato yawan ruwan jinin da ƙoda ke tacewa a minti guda. Saurayi ɗan shekara 30 mai 14 mg/l, DFG ɗinsa ya kusan 70. Mace mai shekara 58 da wannan lambar, nata wajen 44 ne. Na mai cikakkiyar lafiya 90 ne ko sama. In Hajiya ta rame bayan aiki da shimiyo, gaskiyar lamarin tana iya zama ƙasa da 44 ɗin ma, tunda tsokar da ke fitar da sharar ta ragu. Kuma gwajin ya yi wata biyu, an sha zagayen shimiyo a tsakani, ƙila da amai da gudawa. Ba a dogara da shi. Ki roƙi ɗakin gwajin su rubuta DFG a takardar, in ba su rubuta ba likita zai lissafa a wayarsa cikin minti ɗaya.

Ga yadda ake yanke hukunci da ita. In DFG ya gaza 30, ba a shan metformin kwata-kwata, da sikana ko babu, kuma ruwan ayodin ɗin ma sai an yi shawara an auna amfani da haɗari, galibi a sa ƙarin ruwa a jijiya awanni kafin hoto da bayansa. In ya haura 60 kuma ba wata rashin lafiya ta gaggawa, likitoci da yawa ba sa tsayar da maganin ko na rana ɗaya. Tsakanin 30 da 60, inda Hajiya take, nan ne masana suka rabu. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, a dokar da ta sabunta a 2016, ta ce a dakatar daga lokacin hoton, a sake gwajin ƙoda bayan awa 48, sannan a koma. Ƙungiyar likitocin hoton ƙoda da mafitsara ta Turai, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce matuƙar an haura 30 kuma ƙoda ba ta cikin sabon rauni, a ci gaba da sha. Takardar da ke cikin kwalin Glucophage na Turai kuwa cewa take kowa ya dakata na awa 48. To kin ga abin da ya sa kowa kika tambaya da tasa amsar. Ra'ayinmu a kan Hajiya, mai 44, mai fitowa daga shimiyo, mai zaune a zafin Garwa, shi ne a bi hanyar taka-tsantsan. Kwana biyu ba metformin ba zai cutar da ita ba in ana auna suga.

A aikace, in sabon gwajin ya fito kusa da na da kuma likita ya amince, ranar Litinin ta sha magungunanta yadda ta saba har na dare. Talata da safe kada ta sha Glucophage, haka daren Talata, haka Laraba gaba ɗaya. Alhamis a sake ɗibar jini. In kireyatinin bai motsa ba, a koma. In ya ƙaru da 3 mg/l ko fiye, misali daga 14 ya kai 17, ba a komawa, likita ake komawa wa.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, amma ba za mu gani mu yi shiru ba. Hajiya na shan miligiram 2000 na metformin a rana. Ƙa'idar Turai ta ce mai DFG tsakanin 30 da 44 kada ya wuce 1000 a rana. In sabon gwajin ya tabbatar tana wannan matakin, ranar Alhamis ba kan tsohon adadi za a koma ba. Ki tayar da maganar a gaban likitan suga, kada ki rage da kanki. Ki kuma duba kwalayen da kyau, domin metformin yakan ɓuya a cikin wasu sunaye: Stagid, Glucovance, Janumet, Galvus Met, duk yana ciki. Mutane da yawa sukan rantse ba sa shan sa alhali suna sha.

Ƙwayar da ta fi ba mu tsoro a ranar Talata ba Glucophage ba ce, Daonil ce, wadda ba wanda ya ambata miki. Sunan maganinta glibenclamide. Aikinta tursasa gaɓar da ke samar da insulin ta yi ta zubo shi, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma ƙarfinta yakan kai yini guda, ya ma wuce a jikin mai raunin ƙoda. Ki ƙaddara Hajiya ta haɗiye ta da asuba bisa sabo, cikinta ba komai. An ce ƙarfe takwas, sai wuta ta ɗauke, ko aka kawo wanda ya yi haɗarin babur aka shigar da shi gaba, ga azahar ta yi tana zaune a benci. A nan ne za ki ga zufa mai sanyi ta keto mata, hannu na rawa, zuciya na bugawa, tana magana ba kan gado ko tana faɗa ba dalili, daga nan sai barci mai nauyi. Saboda haka ranar da aka ce a zo da yunwa, ba a shan Daonil sai an fito an sa abinci a gaba. In an fito da yamma liƙis, ki tambayi likita ko a bar ta ta ranar gaba ɗaya.

Ki tafi da na'urar auna suga, da sukari mai ƙwaya a ɗaure a leda, da abincin da za ta ci tana fitowa. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, wato 0,70 g/l a rubutun takardun asibiti, ki jiƙa ƙwaya uku a ruwa ta shanye, ki sake aunawa bayan minti 15, in bai tashi ba ki maimaita. Wannan sukarin ba ya ɓata hoton sikana ko kaɗan, kada ki ji tsoron za a kore ku. In ta sume ba a zuba mata komai a baki, ma'aikatan jinya za ki kira su ba ta ta jijiya. Faɗuwar sugar da Daonil ta jawo takan dawo bayan awanni ko da an farfaɗo, don haka ba a barin mutum shi kaɗai a ranar. Da ƙoda mai 44 ma, ya dace ki tambayi likita ko lokaci ya yi da za a sauya Daonil da wata ƙwaya mai sauƙin haɗari irin su gliclazide, wadda ake sayarwa da sunan Diamicron.

"A zo ba a ci komai ba" ba ya nufin ba a sha ruwa ba. Galibin wurare awa huɗu zuwa shida suke so ciki ya huta da abinci, ruwa kuwa ana so a sha. Ta sha a daren Litinin, ta sha da safe, bayan hoto kuma ta yi ta kurɓa har lita ɗaya da rabi zuwa biyu ta shiga kafin dare, sai fa in tana da ciwon zuciya ko kumburin ƙafa da aka ƙayyade mata ruwa. Ba ranar azumin nafila ba ce. Ki nemi layin farko na safe, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa. In amai ko gudawa ya kama ta a kwanakin da ke gaba, a dakatar da metformin nan take a kira likita, ƙila a ɗaga hoton.

Sai abubuwan da ke cin ƙoda a ɓoye. Diclofenac da ibuprofen da ake saye a tire don ciwon gwiwa ko baya, a ajiye su tun yanzu har a ga gwajin Alhamis, paracetamol ya wadatar. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, a karɓa a yi godiya a ajiye. In tana shan Lasilix, maganin sa fitsari, ko maganin hawan jini irin su captopril, kada ki tsayar da kanki, ki nuna kwalin kawai. In kuma an taɓa yi mata irin wannan allura jikinta ya yi rudu-rudu ko numfashi ya sarƙe, dole a sanar tun kafin ranar. Maganin da akan bayar don kariya daga hakan, dangin kotizon ne, yana ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda dexamethasone da ake haɗawa da shimiyo ke yi.

Ki gaya wa Hajiya abin da za ta ji, don kada ta firgita ta motsa hoto ya lalace. Za a sa mata ƙaramin bututu a jijiyar hannu, a tura ruwan wajen mililita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Za ta ji ɗumi ya ratsa ta daga maƙogwaro zuwa mara, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe, ta ji kamar fitsari ya ƙwace mata. Bai ƙwace ba, kuma alwalarta na nan. Cikin minti ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da za ta faɗa nan take shi ne zafi ko kumburi a wurin allurar, ƙaiƙayi, ko nauyin numfashi. A gida kuma, kwana biyu zuwa uku, ki sa ido: in fitsari ya ragu ƙwarai, ko amai da ciwon ciki suka zo tare da numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, ga kasala da ciwon tsoka da magagi, asibiti za a nufa ko tsakar dare ne.

Hoton PET, wanda takardun Faransanci ke rubutawa TEP, lissafinsa daban ne gaba ɗaya, kada ki ɗauki dokar sikana ki ɗora masa. A nan ba ƙoda ake ji wa tsoro ba, hoton ne zai iya yin ƙarya. Tun shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin ciwon daji sun fi na lafiya haɗamar suga nesa ba kusa ba. A kan wannan aka gina hoton. Ana yi wa mutum allurar wani irin suga da aka maƙala wa sinadari mai fitar da haske, ana kiransa FDG, ya kwanta shiru kimanin awa ɗaya, sannan na'ura ta bi jiki tana neman inda sugan ya taru. Duk abin da ya sauya yadda jiki ke rabon suga ya sauya hoton, maganin ciwon suga kuwa aikinsa ke nan.

In sugar jini ya yi yawa, yana gasa da na allurar. Ciwon da ya ƙoshi da sugar jini ba zai ɗauki mai hasken da yawa ba, sai ya fito dishi-dishi ko ya ɓace, a ce muku an warke alhali yana nan. Shi ya sa ake aunawa kafin allura. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin nukiliya ta Turai ta 2015 ta sa iyaka a 2 g/l, wato 200 a na'urar gida, ko 11 a ma'aunin mmol da wasu ƙasashe ke amfani da shi. Wasu cibiyoyin sun fi haka tsanani. In an wuce, ɗagawa ake yi. Kuma ɗagawa ba ƙaramin abu ba ne, domin FDG ba ya ajiyuwa, duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya, ana haɗa shi ne a ranar don wanda aka rubuta. Ga kuɗin jirgi da na masauki na tafiya. Don haka gyaran suga ana fara shi ne tun a Garwa, makonni kafin tafiya, ba a daren hoto ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga suga ya hau da safe, ya soka insulin don ya sauke shi kafin a auna. Lamba za ta sauka, amma insulin zai kora FDG cikin tsoka da zuciya, hoto ya fito cinyoyi da damatsa na haske, ciwon da ake nema kuwa bai samu rabonsa ba. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla awa huɗu tsakanin insulin mai saurin aiki irin NovoRapid da allurar FDG, awa shida in irin Actrapid ne, kuma ba a yin mai dogon zango ko gauraye irin Mixtard da safiyar hoton. Wannan zai shafe ku in an mayar da Hajiya kan insulin kafin lokacin. Galibi hanya biyu ce: ko a yi hoton da sassafe kafin karin kumallo da allura, ko ta karya da asuba ta yi allurar mai saurin aiki a yi hoton wajen azahar. Cibiyar ce za ta zaɓa.

Metformin shi kuma nasa aikin a hanji yake. Yana sa bangon hanji ya riƙa jan suga fiye da ƙima, sai a hoto a ga babban hanji ya haskaka tun daga farko har ƙarshe kamar igiyar da aka kunna wa wuta. Ga mai ciwon huhu ko na wuya, wannan ba ya hana ganin abin da ake nema. Ga Hajiya kuwa, wurin da aka yanke aka ɗinke hanji da kewayensa su ne ainihin abin dubawa. Ɗan ƙullin da ya dawo yana iya ɓuya a cikin hasken, ko kuma a ga haske a zaci ciwo ne a shiga wasu gwaje-gwaje ba dalili. Dakatar da metformin awa 48 kafin hoto yana rage wannan hasken sosai, awa 24 ba ta cika isa ba. To ga inda dokar kwana biyu kafin hoto take da gurbi na gaskiya, wataƙila ma daga nan ta ɓata hanya ta faɗa ɗakin sikana. Amma cibiyoyi ba su haɗu a kanta ba, wasu ba sa so a tsayar don kada suga ya haura iyaka. Ki kira su ko ki rubuta musu kafin ku tashi, ki ce ciwon na babban hanji ne, tana shan metformin, DFG kaza ne. Ki kuma tambaya ko za su haɗa da ruwan ayodin, domin in haka ne kwana biyu ne kafin, kwana biyu bayan, kwana huɗu ke nan ba metformin, dole likitan suga ya tsara abin da zai riƙe ta a tsakani.

Yunwar PET ta fi ta sikana tsanani. Awa huɗu ne mafi ƙaranci, yawanci shida ake cewa, ruwa zalla kaɗai aka yarda. Ba shayi, ba kunu, ba folere, ba dabino ko ɗaya, ba cingam, ba goro, wanda tsofaffinmu ba sa lissafa shi cikin abinci. Ba a sa mata ƙarin ruwa mai suga a awannin. Wasu cibiyoyin sukan ce a daren jajibiri a bar tuwo da shinkafa da burodi a ci nama ko kifi ko ƙwai da ganye. In an ce haka, ki tuna musu da Daonil, don ƙarancin abinci mai sitaci da wannan ƙwayar ba sa jituwa. In suga ya faɗi ƙasa da 70 ana jira, a nan sukari zai ɓata hoton, duk da haka ki ba ta, ki sanar da su, a ɗaga. Kada ta yi doguwar tafiyar ƙafa ko zagayen kasuwa ana gobe hoto, tsokar da ta yi aiki tana jan FDG. Ta rufa da mayafi mai kauri, don sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana tayar da wani kitse a wuya da kafaɗa ya haskaka. Bayan allura ta kwanta shiru, ba hira, ba jan carbi da motsin baki, ta yi zikirinta a zuci.

Lokacin hoton ma yana da ƙa'ida: aƙalla kwana 10 bayan shimiyo na ƙarshe, wajen mako shida bayan aiki, wata biyu zuwa uku bayan gashi da hasken na'ura, domin wurin da ke warkewa shi ma yana cin suga. Haka tarin fuka da duk wani ƙurji na ciki, su ma suna haskakawa kamar ciwon daji. In Hajiya ta taɓa yin tarin fuka, ko shekara ashirin ne, a faɗa wa mai karanta hoton.

Sauran hotunan ba su da wannan wahalar. IRM, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ruwan da ake ɗura masa gadoliniyom ne, ba ayodin ba, ba a tsayar da metformin dominsa, sai dai ana duba ƙoda in DFG ya gaza 30. Eko na ciki, wato hoton da ake ɗauka ta hanyar goga na'ura a kan ciki, ba ruwansa da magani, amma tunda akan ce a zo da yunwa, maganar Daonil na nan daram.

In tafiyar ta tabbata, ki rubuta a takarda ɗaya sunan kowane magani da adadinsa da lokacin shansa, ranar aiki, ranar shimiyo na ƙarshe, da sakamakon ƙoda na baya-bayan nan, ki haɗa da faifan sikanan Talata, ba rahoton kaɗai ba. Magunguna su kasance a jakar hannu, tun daga motar Ngawundere da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde har cikin jirgin sama, musamman insulin da ba ya son rana kuma ba ya son daskarewa. Bayan an fito daga PET ta ci abinci, ta sha maganinta yadda aka tsara, ta sha ruwa da yawa don sinadarin ya fita ta fitsari, kuma na kimanin awa shida kada ta rungumi ƙananan yara ko ta zauna jiki da jiki da mai juna biyu.